Laimar da Na Ɗora wa Inna

Gidan da muke ciki yanzu, nan ƙasar Turawa, gabashin Greensboro ta hanyar McLeansville, tsohon gida ne, ina jin ya girme ni. Ranar da muka zo dubawa kafin mu saya, abin da idona ya fara sauka a kai wani rami ne na jan bulo a bangon falo, cikinsa baƙi ƙirin. Na tambayi maigidana ko a nan masu gidan suke girki. Ya yi ta dariya, ya ce murhun jin ɗumi ne, hayaƙinsa yana bi ta bututu ya fita ta saman rufi. Na ce ikon Allah, ga hita a kowane ɗaki, kuma mutum ya kwaso itace ya kawo falo. Ban taɓa ƙyasta masa ashana ba. Furen roba na saya na cusa a ramin, na jingina wani ƙaton agogo a kan dakalin da ke samansa, shi ke nan.

Haka yake har shekarar da na haifi autarmu, Inna ta zo daga gida ta yi mini jego. Lokacin sanyi ne, bishiyoyi duk sun zubar da ganye sun tsaya tsirara.

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke” ce, ko “yarinyar nan”, har yau da nake da nawa 'ya'yan. To in haka take da ni, sai a auna yadda take da mijina. Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo ta ja mayafi ta kau da kai, shi kuma ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

A gida wannan ba wahala ba ce. Akwai zaure, akwai tsakar gida, suruki sai ya yi wata bai ga ko inuwar surukarsa ba. Nan kuwa lungu ɗaya ne tal daga ɗakunan kwana zuwa kicin. In suka yi kiciɓis a ciki, shi ya manne da wannan bango, ita ta manne da wancan, kowa yana ba kowa hanya, ba mai wucewa. Yara suna leƙowa suna ƙyalƙyala dariya, suna tambayata da Turanci ko kaka da babansu faɗa suka yi.

Don haka ni na zama 'yar aike a tsakaninsu. Yana durƙushe a nan, tana zaune a can, da zai miƙa hannu da ya taɓa kujerarta, amma sai ya ce, “Ki tambayi Hajiya ko bargon ya ishe ta.”

In juya in ce, “Inna, wai bargo ya isa?”

“Ki ce masa Allah ya yi albarka.”

In sake juyawa in ce, “Ta ce Allah ya yi albarka.”

Aikin yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni mai surutu ce, in an ba ni magana nakan ɗan barbaɗa mata gishiri kafin in isar, musamman in ɗayansu ba ya kusa. In ya ce a gaishe ta, in ce ya ce duk yau hankalinsa yana kanki. In ta ce an gode da nama, in ce ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba. Ba wanda ya taɓa kama ni, tunda ba mai iya tambayar wani.

Satin farko hita ta wahalar da Inna. Iskarta busasshiya ce, kullum ta tashi da ciwon kai, wata safiya har da haɓo. Aka rage hitar, sai sanyi ya kama mata gwiwoyi. Maigidan ya lura. Ranar hutunsa ya kira mai share bututun hayaƙi, ya tafi wurin wani manomi can bayan McLeansville ya ciko bayan mota da faskare, ya zare furen robana ya hura wuta. Inna ta fito ta tsaya tana kallo ta gefen mayafi. Da ya fita sai ta matso, ta miƙa wa wutar tafukanta biyu.

Ta ce, “Ashe dai mutanen nan suna da hankali.”

Daga ranar ta tare a gindin murhun nan. Dardumarta a nan, carbinta a nan. A nan take gasa wa jaririya cibiya, a nan take miƙe ƙafa ta kwantar da ita tana jijjigawa. Ta tura dankali cikin toka, yara su dawo makaranta su kewaye ta, ita ba Turanci, su Hausarsu rabi da rabi, amma hira ba ta yankewa. Ban taɓa ganin falona da rai irin na lokacin ba.

A nan kuma take alwala. Wurin wanke hannu na bayinmu ya yi mata tsawo, ba za ta iya ɗaga ƙafa ta kai ba, bahon wanka kuma santsi gare shi, tsoronsa take ji. Sai ta riƙa ajiye buta kusa da wuta ruwan ya yi ɗumi. In lokacin salla ya yi ta shimfiɗa tsohon tawul, ta ɗora roba, ta zauna a 'yar kujera ta yi alwalarta a tsanake, in ɗauke robar in zubar.

Ban san ranar da laimar ta fara ba. Wari na fara ji, irin na tabarmar da aka naɗe da danshi. Sai na ga fentin bango a gefen murhun, ƙasa-ƙasa, ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi. Katakon gindin bangon ya yi duhu. Kafet ɗin kusurwar in ka taka ba takalmi sai ka ji sanyi, kan bulon kuma wani farin gari ya fito kamar kanwa. Duk wannan daidai inda Inna ke ajiye robarta.

Ana cikin haka wata Hajiya da ke zaune a Summerfield ta zo mini barka, don ba ta sami zuwa suna ba. Matar kirki ce, in an yi rasuwa ita ce take fara isa da tukunya, amma bakinta ba linzami. Tana cire takalmi ta ɗaga hanci.

“Maijego, me ya mutu a falon nan?”

“Kai Hajiya, yanzu fa na sa turare.”

“Turare daban, wannan daban.”

Ta bi hancinta har kusurwar, ta danna fentin da yatsa, ya lotsa. Ta kalli buta, ta kalli roba, ta kalle ni. Inna tana ɗaki a lokacin, amma duk da haka baƙuwar ta rage murya.

“Ke, bangon ƙasar nan ba na siminti ba ne, alli ne aka naɗe da takarda. Ba a yi masa wasa da ruwa. In ya yi fumfuna a ciki, wannan 'yar da ke hannunki ita za ta shaƙa. Wata 'yar Nijar da na sani sai da aka fasa mata rabin falo, yaronta kuma har yau da abin shaƙa na masu asma yake yawo.”

Ta sha kununta, ta ba jaririya turmin atamfa, ta tafi ta bar ni da magana a ciki. Tsoron ƙirjin yarinya yana nan, gaskiya ne. Amma akwai kuma kunya. Shekaru muna gidan haya a saman bene kafin Allah ya ba mu namu, ga shi mace ta taso daga gidanta mai ƙamshi ta ce falona yana wari.

Na fara da dabara. Na ƙara tawul. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashin robar. Inna ta gama alwala ta ninke ledar da kyau ta miƙo mini, ta ce in adana, za ta yi amfani. In buɗe baki in ce mata ta daina, na kasa. Wace 'ya ce za ta ce wa uwar da ta ƙetaro teku don ta dafa mata ruwan wanka, tashi daga nan kina ɓata mini bango?

Wata safiya, maigidan ya tafi aiki, yara sun tafi makaranta, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Na tsaya a bayanta ina saɓe da jaririya. Ban shirya ba, wallahi. Bakina ne ya bi hanyar da ya saba.

“Inna, baban yara ya ce...”

“Ya ce me?”

“Wai bangon nan ruwa ne yake ɓata shi. Wai ko za a riƙa yin alwalar a bayi.”

Hannunta ya tsaya a cikin faranti.

“Shi ya faɗa?”

“Shi ya faɗa.”

“Da bakinsa?”

“Ba da faɗa ba fa, Inna. Cewa kawai ya yi...”

“Ki ce masa ya yi haƙuri. Ki ce masa ban sani ba.”

Wannan saƙon ban isar da shi ba. Wa zan kai wa?

Ni abin da na zata, roba ce kawai za ta tashi. Sai ga shi komai ya tashi. Ta ɗauke buta, ta ɗauke darduma, ta ɗauke 'yar kujerarta. Ta sa kujerar a cikin bahon wanka, in lokacin salla ya yi ina jin nishinta ta bayan ƙofa, tana dafa bango tana ɗaga ƙafa ta ƙetara. In na ce in taimaka ta ce in je in ji da 'yata. Falo kuwa ta daina zama gaba ɗaya. Ta gama yi wa jaririya wanka ta shige ɗaki, ta ja bargo. Abinci ta rage. Fitilar ɗakinta ba ta kunnawa sai dole. Tana takawa a gidan kamar mai tsoron kada ƙasa ta ji ciwo.

Maigidan ya ga faskare ba ya raguwa, ya tambaye ni. “Hajiya ta daina jin ɗumi ne?”

Na ce, “Hayaƙi ne yake damun idonta.”

Ƙarya dama ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja ƙanwarta.

Na zauna ina jiran bango ya bushe, in ce wa raina ai ga shi, da dalili. Bai bushe ba. Da aka daina hura wuta ma sai ya ƙara. Kumburin fentin ya hau sama, warin ya kai har lungu.

Sai aka shiga wani ruwa irin na nan, wanda ba tsawa ba iska, sai dai ya yi ta zuba kamar ba zai gaji ba. Da rana tsaka, gidan shiru, na zauna a ƙasa inda Inna take zama ina ba yarinya nono. A nan na ji. Ɗis. Shiru. Ɗis. Ba daga taga ba, ba daga kicin ba. Na kwantar da yarinya na manna kunnena da bango. A ciki yake, daga sama yake faɗowa, yana sauka kan wani abu mai taushi. Na miƙe na janye agogon nan. A bayansa ga wani zane ruwan ƙasa, kamar an zubar da shayi, ya gangaro har kan dakalin.

Ni da tun ina yarinya ake ce mini kunnen zomo, in ana gulma a ƙarshen layi ni ke kawo ta gida. Ruwa yana zuba a cikin bangona ban ji ba.

Kun san abin da na yi? Mayar da agogon na yi, na gyara masa zama. Na yi kwanaki ina wucewa ta gabansa. In na faɗa wa maigidan, za a gyara. In an gyara, za a san ba alwala ba ce. In an san ba alwala ba ce, maganar da na sa a bakinsa fa? Ina ta juya abin kamar waina, kowane gefe ƙuna.

Inna ce ta katse mini. Tana shafa wa jaririya mai bayan wanka, ba ta ɗago ba, ta ce, “Ke, tikitin komawar nan ana iya matso da shi?”

“Inna, ai ko rabin zamanki ba ki yi ba.”

“An yi arba'in. Kin warke, kina cin tuwo da hannu biyu. Awakina suna hannun mutane.”

“Awaki kuma, Inna? Ke da kika ce sai yarinyar nan ta fara zama?”

“Baƙo raɓa ne. Ki gaya masa.”

Wannan saƙon ba ya haɗiyuwa, don tikitin a wayarsa yake. Kuma na san Inna. In ta tafi a haka ba za ta sake taka gidan nan ba, kuma za ta mutu tana ganin surukinta ya gaji da ita.

Da ya dawo aiki na zuba masa abinci, na gaya masa maganar tikiti. Ya ajiye cokali.

“Me aka yi mata?”

“Kewar gida ce.”

“Kewar gida ce ta sa na daina jin dariyarta?”

Sai na ja shi falo, na janye agogo na nuna masa zanen, na gaya masa abin da na ji a cikin bango. Ya ce ya ga kumburin tuntuni, ya zaci gumin sanyi ne, yana jiran bazara ya kankare ya sake fenti.

Ranar Asabar gari ya yi haske. Ya aro dogon tsani wurin maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ba ya rabo da gyare-gyare. Tsohon ya ce masa ya hau da tiyo, amma kada ya jiƙa ko'ina lokaci ɗaya. Ya fara daga ƙasa-ƙasa, ya jira, sannan ya matsa sama, in ba haka ba ba zai san ta inda ruwan ya shiga ba. Ni kuma aka sa ni a falo, kunne ɗaya a bango, ɗaya a waya.

Na ce, “Ka riƙe da kyau fa. Jego nake, ban shirya takaba ba.”

“Ki bar baki ki yi aiki da kunne. Na jiƙa rufin da ke ƙasa da bututun. Kin ji wani abu?”

“Ba komai.”

Aka jima. Ya ce yanzu ya koma gindin bututun, inda bulo ya haɗu da rufi. Na ƙara manna kunne. Can sai ga shi. Ɗis. Ɗis. Sai kuma ya haɗe, shaaa, kamar an buɗe famfo kaɗan.

“Ga shi nan! Tsaya, tsaya, ka cika mana bango!”

“Allahu akbar,” in ji shi. Murna yake yi, kamar wanda ya kama ɓarawo.

Cikin satin mai gyaran rufi ya zo. Ya hau ya ɗauko hotuna a wayarsa ya nuna mana. Ashe a gindin bututun akwai wani kwano da ake lanƙwasawa a cusa bakinsa cikin bulo, don ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Namu ya yi tsatsa ya ɗage, wani can baya ya shafe shi da kwalta, kwaltar ta tsage. Simintin da ke saman bututun shi ma ya dare, kuma ba hular ƙarfen da ke hana ruwa faɗawa ciki. Ruwan sai ya bi jikin bulo ta bayan allon bango, ya gangara ya taru a ƙasa. Shi ya sa ciwon ya fara nunawa a ƙasa alhali daga sama yake.

Ya sa sabon kwano, ya sake simintin, ya ɗora hula. Sannan ya shigo falo ya yanke allon da ya jiƙe. Audugar da ake cusawa cikin bangon don tare sanyi ta yi baƙi, ya kwashe ta a leda ya fitar, ya wanke katakon da magani, ya kafa fanka. Ya ce kada a rufe sai katakon ya bushe ƙarau, kuma a nisanta jaririya da falon.

Da mutumin ya tafi, maigidan ya tsaya gaban ramin yana riƙe da ƙugu. Can ya juyo, fuskarsa ta washe.

“Ni fa na gane.”

“Ka gane me?”

“Hajiya gani ta yi bango ya jiƙe daidai inda take alwala, ta ɗauka ita ce. Shi ya sa ta bar falo. Shi ya sa take son tafiya. Ke kuma kina gida kullum ba ki lura ba? Taso mu je.”

“Bari in na samu lokaci zan...”

“Yanzu.”

Ya durƙusa a bakin ƙofarta. Inna tana zaune a gefen gado, ta ja mayafi ta juya wa ƙofa kafaɗa. Ni ina tsaye a tsakani, na jingina da ƙyaure.

“Ki gaya wa Hajiya an gano ciwon bangon. Ruwan sama ne yake shiga ta rufi.”

“Inna, wai daga rufi ne.”

“Alhamdu lillahi.”

“Ki gaya mata, in don alwalarta ta bar falo, wallahi ban ji daɗi ba. Ni ko a mafarki ban taɓa kawo wa raina ruwanta ne ba. Da na san abin da ke ranta ke nan, da tun ranar na yi magana.”

Tana jinsa sarai, ai ba kurma ba ce. Amma maganar suruki ba ta isa sai 'yar aike ta kai.

Ya ɗago ya dube ni. “Ki faɗa mata mana.”

Na faɗa. Kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce bai ji daɗi ba. Ya ce ko a mafarki bai taɓa kawowa ba. Ya ce da ya sani da ya yi magana.

Inna ta juyo a hankali ta dube ni. Matar da ba ta kallon fuskata sai a sace, ran nan ta kalle ni har sai da na sunkuyar da kai.

Shi kuwa bai ga komai ba, idonsa yana ƙasa. Ya ce, “Ki tambaye ta, ko wani ne ya gaya mata wata magana? Ko yaran nan ne? In su ne yau za su gane kurensu.”

“Inna, wai ko wani ne...”

Inna ta bar ni na ɗan lokaci a rataye.

“Ki ce masa ba kowa. Ki ce masa ni na ga bango na tsargu. Tsufa ne.”

Na juya na gaya masa ba kowa, ita ta ga bango ta tsargu, tsufa ne.

“To ki roƙar mini ita ta bar maganar tikitin nan.”

“Ki ce masa Allah ya kai mu.”

Washegari na same ta tana yi wa jaririya wanka a ɗaki. Na durƙusa gefen robar na ce, “Inna...”

“Miƙo mini sabulun nan.”

Na miƙa. Ta wanke kan yarinya, ta kife ta a tafinta ta wanke baya. Sai da ta naɗe ta a tawul sannan ta yi magana.

“Ni tun ruwan farko na ji yana ɗiga a ciki. A ɗakin soro na tsufa, ba za a koya mini kukan yoyo ba.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“In aika wa suruki cewa gidansa yana yoyo? Ina cin tuwonsa, ina jin ɗumin itacensa?”

Ta goge wa yarinya kunne.

“Da cewa kika yi ke ce ba kya so, da na ɗauke robata ina zaginki, gobe mu shirya. Ke 'yata ce. Amma kika ce shi. Kullum na kai goshina ƙasa roƙona ɗaya, Allah ka fitar da ni daga gidan bawan nan kafin ya ƙara jin nauyina.”

Na fashe da kuka. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce in share fuska kada yara su gani, kuma kada in kuskura in gaya masa tana gidan, ba za ta iya zama ana ba ta haƙuri ba. Sai bayan ta koma na gaya masa, ya yi kwanaki ba abin da nake samu a bakinsa sai “to”.

Katako ya bushe, aka sa sabuwar auduga da sabon allo, aka yi fenti. Fentin bai dace da tsohon sosai ba, in rana ta haska ana ganin iyakarsa. Aka yi wani ruwan, na manna kunne, shiru. Maganar tikiti kuwa tana nan a rataye. Kullum maigidan ya tambaye ni me ta ce, in ce ba ta ce ba. Ni kuma ba ni da bakin tambayarta.

Wata safiya ina kicin ina dama kunu, shi yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmin aiki. Na ji ƙofar Inna ta buɗe. Na ajiye ludayi ina jiran “ke”. Sai na ji takunta ya wuce kicin. Na leƙa. Ta tsaya a ƙarshen lungu, mayafi har goshi, fuskarta tana kallon bango.

Ta ce, “Malam.”

Saura kaɗan ya kifa. Ya zube a ƙasa da takalmi ɗaya a ƙafa.

“Na'am, Hajiya.”

“Tikitin nan a bar shi yadda yake.”

“To, Hajiya. Na gode, Hajiya. Allah ya ƙara girma.”

“Kuma in ka bi ta wajen masu gona, a duba mini kaza mai rai. Na gaji da ta ƙanƙara, ba ta da ɗanɗano.”

“In sha Allahu yau ɗin nan.”

Ta juya ta koma, ta wuce ni a bakin kicin ba ta ko dube ni ba. Shi kuma ya fita yana murmushi, ya manta kwanon abincinsa a kan tebur.

Ta zauna har ranar tikitinta, har yarinya ta fara zama ana tokare ta da filo. Ta ci gaba da dafa mini ruwa, tana yi mini faɗa a kan gishiri, wani lokaci har mu yi dariya. Amma in tana da magana da surukinta, sai ta jira ya zo wucewa, ta juya wa bango fuska ta faɗa masa da bakinta, gajeriya, shi ma ya amsa da nasa. Ko ina tsaye a wurin, ba ta sake cewa “ki ce masa” ba.